Jagorar gyara takardun tsohon soja domin a amince da raunin da ya samu a fagen yaƙi

A Damagaram da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Mirya zuwa Magarya, daga Tanut zuwa Gure, har yanzu akwai gidajen da ke da dattijon da ya yi aikin soja ƙarƙashin tutar Faransa, ko kuma matar da ya rasu ya bari. Yara da jikoki sun san labarin tabon da ke cinyarsa ko kafaɗarsa, sun san ƙasar da aka harbe shi. Abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne, sau da dama raunin bai shiga takardunsa na soja ba, ko kuma ya shiga da lafazin da ya mayar da shi hatsari irin na kullum. Hukumomin da ke ba da lambar girma da fansho kuwa ba tabo suke dubawa ba. Abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru suke nema, da ranarsa da wurinsa da sanadinsa. Aikin gaba ɗaya shi ne a nemo wannan rubutu, a tabbatar da cewa na mutuminmu ne, sannan a nemi a shigar da shi inda ya kamata.

Waɗanda maganar ta fi shafa su ne mazan jiya da Faransa ta ɗiba daga yankunanmu ta sa cikin rundunar tirailleurs sénégalais, ko da yake ba daga Senegal kaɗai suka fito ba. Dokar 1919 ce ta kafa ɗibar soja ta tilas na shekara uku a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kuma Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, gari ne na bariki tun farkon zuwan Turawa. Wasunsu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu, wasu an kai su Madagaska a 1947, wasu Indoshin tsakanin 1946 da 1954, wasu Aljeriya tsakanin 1954 da 1962. Waɗanda ke raye a yau sun haura shekara 80, don haka ɗa ko jika ne zai yi zirga-zirgar, kuma da shi nake magana.

Haƙƙoƙi uku da bai kamata a cuɗa su ba

Na farko shi ne a amince a hukumance cewa raunin na yaƙi ne, abin da ake rubutawa homologation de blessure de guerre. Wannan amincewa ba ta zuwa da kuɗi da kanta. Abin da take yi shi ne ta shigar da raunin cikin tarihin aikin sojan, ta ba shi haƙƙin sa lambar raunanan yaƙi, wadda asalinta ke komawa 1916 kuma aka sabunta dokarta a 2016, sannan ana ƙirga ta idan ana duba cancantar manyan lambobi irin su Médaille militaire.

Na biyu shi ne fanshon naƙasa, pension militaire d'invalidité, wanda ake biya a kan raunin da aikin soja ya jawo, ko a fagen yaƙi aka same shi ko a cikin bariki. Ofishin fansho na ma'aikatar tsaron Faransa da ke La Rochelle ne ke yanke hukunci a kansa. Mutum na iya samun wannan fansho alhali ba a amince cewa rauninsa na yaƙi ne ba, kuma ana iya amincewa da raunin amma a ce naƙasar ba ta kai a biya ba.

Na uku shi ne katin mayaƙi, carte du combattant, wanda hukumar tsofaffin sojoji ta Faransa, ONaCVG, ke bayarwa. A ƙa'ida sai soja ya yi kwana 90 a rundunar da ta yi faɗa, ko kwana 112 a Aljeriya lokacin yaƙin, amma wanda aka amince da rauninsa na yaƙi an ɗauke masa sharaɗin kwanakin. Katin yana kawo alawus na shekara ga wanda ya kai 65, wanda a ƴan shekarun nan ya ɗan haura yuro 800, wato sama da jikka 500 a lissafinmu. Fanshon ritaya na wanda ya cika shekara 15 a aiki kuwa zance ne dabam, bai rataya a kan rauni ba.

Dattawa da yawa sun yanke ƙauna tuntuni, kuma suna da hujja. Dokar kasafin kuɗi ta Disamban 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai, har ya zama abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na abokan yaƙinsu Faransawa. A ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci a shari'ar Amadou Diop, tsohon soja ɗan Senegal, cewa wannan wariya ce. A 2007 aka daidaita fanshon naƙasa da alawus na mayaƙi, a 2011 kuma aka ɗage daskarewar gaba ɗaya. Lissafin da Baba ya yi a da, cewa wahalar ta fi ribar, ya canza.

Mataki na farko: zama da dattijon da buɗe akwatinsa

Kafin a rubuta wa kowa wasiƙa, a zauna da shi cikin natsuwa, a lokacin da ya fi sakewa, a ɗauki muryarsa da waya. A tambaye shi da ladabi, kamar a ce, “Baba, a wace shekara aka ɗebe ku, kuma a ina aka yi muku awo?” Abubuwan da ake so su fito su ne shekarar ɗiba da garin da aka rubuta shi, lambarsa ta soja, sunan rundunarsa da kamfaninsa, tashar jirgin ruwan da ya hau da wadda ya sauka, wurin da aka ji masa rauni, abin da ya same shi, harsashi ne ko ɓarɓashin bam ko nakiya, yadda aka ɗauke shi, da asibitin da ya kwanta. Tsofaffin sojoji da yawa sukan manta shekara amma su karanto lambarsu da Faransanci ba gargada, kuma wannan lamba ta fi komai daraja a wajen masu adana takardu. Idan bai tuna wata ba, a tambaye shi ko da azumi ne, ko kusa da Sallar layya, ko lokacin sanyi, domin ana iya mayar da hakan zuwa watan Turawa na shekarar. Kada a sa masa magana a baki, kuma idan ya faɗi abu biyu masu karo da juna a rubuta su duka. Takardu ne za su raba gardama daga baya.

Daga nan sai akwatin ƙarfe. A nemi littafin soja, takardar sallama, takardar shaidar hali nagari, takardar yabo idan an taɓa ambatonsa, takardar shiga ko fita asibiti, tsohon littafin fansho, da hotuna, a kuma duba bayansu. Ko ambulan tsohuwar wasiƙa kada a raina, domin a Indoshin da Aljeriya adireshin soja lamba ce mai farawa da S.P., kuma da ita ake gane rundunar da yake ciki a lokacin. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a yi fotokopi, a kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimin tabbatarwa. Takardar asali ba ta barin gida, ba a manna mata leda, ba a gyara ko harafi ɗaya a cikinta da biro.

Mataki na biyu: maganar suna

A nan ne dosiye na mutanenmu ya fi cijewa, kuma a ganina wanda ya tsallake wannan mataki ɓata kuɗin gidan waya kawai zai yi. Magatakardan ɗibar soja yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Mahammadu yakan zama Mahamadou ko Mamadou ko Mahaman ko Mamane. Yusufu ya zama Issoufou ko Youssouf. Lawali ya zama Laouali. Suna na biyu wani lokaci na uba ne, wani lokaci laƙabi, wani lokaci sunan ƙauye. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce, an dubi jiki an rubuta “né vers”, wato an haife shi wajen shekara kaza, sai bayan shekaru mutumin ya je kotu ya karɓi takardar hukunci mai maye gurbin takardar haihuwa, a sa masa wata shekarar dabam. Akwai ma waɗanda aka tura a madadin wani, suka yi aikin sojansu duka da sunan da ba nasu ba.

Ma'aikacin da ke Faransa ba shi da hanyar sanin cewa mai katin ɗan ƙasa na yau shi ne sojan da ke cikin rajistarsu, sai an ba shi hujja. Abin da ake nema shi ne takardar da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, certificat d'individualité, kuma ta fi nauyi idan ta fito da shaidun dattawan da suka san shi tun kafin tafiyarsa, ta kuma ambaci lambarsa ta soja da sunayen iyayensa da ƙauyensu, tun da waɗannan na cikin rajistar ɗiba. Idan lamarin na wanda ya tafi a madadin wani ne, kotu ya kamata a nufa, a faɗi gaskiyar yadda aka yi.

Kuskuren da ke kashe dosiye shi ne a je a yanko sabuwar takardar haihuwa da aka ɗinka don ta dace da ta soja. Sashe na 47 na dokar zamantakewa ta Faransa ya ce ana karɓar takardun haihuwa da aure na wata ƙasa, sai fa idan wasu hujjoji sun nuna ba a yi su bisa ƙa'ida ba, ko na jabu ne, ko abin da ke cikinsu bai dace da gaskiya ba. Takardun haihuwa biyu masu shekara dabam a cikin dosiye ɗaya sun isa su jefa shakku a kan duk sauran. Gara a bar saɓanin a fili a yi bayaninsa. A kowace wasiƙa, a fara rubuta sunan yadda yake a takardun soja, sannan a biyo da na yau.

Mataki na uku: neman tarihin aikinsa daga Pau

Dosiye na sojojin ƙasa da aka sallama, har da na ƙasashen da Faransa ta mulka, yana cibiyar adana takardun ma'aikatan soja, CAPM, da ke barikin Bernadotte a garin Pau. A rubuta musu da Faransanci, a nemi état signalétique et des services, wato takardar da ta jera tarihin aikinsa daga ranar ɗiba zuwa ranar sallama, a kuma nemi kwafin duk abin da ke cikin dosiyen game da rauni da asibiti. A haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa, da takardar daidaita suna, da kwafin shafin farko na littafin soja. Idan dattijon na raye, shi zai sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya ba ɗansa wakilci a rubuce. Idan ya rasu, a haɗa da takardar rasuwa da abin da ke nuna dangantaka.

A da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ne ke karɓar irin waɗannan takardu, amma an rufe shi a farkon Janairun 2024, saboda haka hanyar da ta rage ita ce a rubuta kai tsaye. A aika da wasiƙa mai rajista ko ta kamfanin aike, a adana rasit. Tun da ba a kai wasiƙa ƙofar gida a Birni ko Zango ko Sabon Gari, dole a sa lambar akwatin gidan waya na wanda aka amince da shi kuma yake buɗe shi a kai a kai, tare da adireshin imel da lambar waya. Amsa takan ɗauki watanni. A doka, shirun wata ɗaya a kan neman takarda ana ɗaukarsa ƙi ne, kuma akwai hukumar CADA, mai kula da haƙƙin samun takardun gwamnati a Faransa, da ake kai wa kuka cikin wata biyu, amma wasiƙar tuni mai ɗauke da kwafin rasit ita ce abin da ya fi dacewa a fara da shi.

Mataki na huɗu: karanta abin da ya zo

Takardar tana da gurbin wuraren da ya yi aiki, gurbin yaƙe-yaƙe, da gurbin raunuka da yabo da lambobi. A samu wanda ya iya Faransanci sosai, tsohon malamin makaranta ko tsohon soja, a bi ta layi-layi ana gwadawa da abin da Baba ya faɗa. Idan an rubuta cewa harsashi ko ɓarɓashin bam ya same shi a rana kaza a wuri kaza a cikin faɗa, to babu abin gyarawa, sai a wuce neman kati da fansho. Idan an rubuta raunin amma a matsayin hatsari a bakin aiki, gardamar a kan sanadi take. Idan gurbin rauni babu komai, a duba tarihin aikin da kyau: kalmomi irin su évacué (an ɗauke shi daga fagen daga), hospitalisé (an kwantar da shi a asibiti), rapatrié sanitaire (an dawo da shi saboda rashin lafiya), ko hutun murmurewa, ko sauya shi zuwa wata runduna ba zato, duk sawu ne da ke nuna ranar da za a bi.

Ya kamata a san ma'aunin da za a auna buƙatar da shi. Kotunan Faransa suna ɗaukar raunin yaƙi a matsayin lahani mai ɗan tsanani da wani abu daga waje ya jawo, wanda ke da alaƙa kai tsaye da kasancewar abokan gaba, wato faɗa, ko kuma ya faru ne a cikin aikin yaƙi na haƙiƙa, na shirin faɗa ko na bayansa. Wanda ya faɗa kwanton ɓauna, ko motarsu ta taka nakiya a hanyar sintiri, yana cikin ma'aunin. Wanda bindiga ta tashi da shi yana goge ta a bariki, ko motar kaya ta kife da shi nesa da fagen daga, da wuya a karɓa, ko da yake yana iya samun fanshon naƙasa. Zazzaɓin cizon sauro da atini da tarin fuka cuta ce, ba rauni ba. Firgita da ruɗewar hankali da yaƙi ya jawo kuwa, tun dokar 10 ga Janairun 1992 ake ɗaukarsu a matsayin rauni. Idan labarin gida bai shiga ma'aunin ba, gara a nemi abin da ya dace da shi maimakon a ƙawata shi.

Mataki na biyar: tara hujjoji

Hujjoji ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi ita ce wadda aka rubuta a ranakun da abin ya faru: takardar asalin rauni, certificat d'origine de blessure, wadda shaidu da likitan runduna ke sa wa hannu, abin da aka ciro daga rajistar raunuka ta runduna, registre des constatations, rahoton kwamanda, da takardar yabo idan ta ambaci raunin. Waɗannan a neme su da sunayensu a wasiƙar Pau.

Bayansu sai takardun asibiti, waɗanda ke cibiyar adana takardun asibitocin soja, SAMHA, a garin Limoges, har da na asibitocin ƙasashen waje da aka rufe tuntuni. Ana bincike a can ne ta sunan asibiti da lokacin kwanciya, shi ya sa tambayar asibiti take da muhimmanci a zaman farko. Wanda ya yi Indoshin zai iya tuna Grall a Saigon ko Lanessan a Hanoi. Na Aljeriya zai iya tuna Maillot a birnin Aljiyas, Baudens a Oran, ko Laveran a Constantine. Wasu kuma sai da aka dawo da su babban asibitin soja na Dakar. Layi ɗaya a rajistar shiga asibiti mai ɗauke da suna da lamba da rana da “plaie par balle”, wato raunin harsashi, ya fi shaidar mutum goma ta yau. Takardun likita sirri ne, don haka mai su ne ke nema. Idan ya rasu, dokar 2002 ta ba magada dama muddin sun faɗi dalili, kuma dalilin da ya dace a nan shi ne neman haƙƙinsu ko kare sunan mamacin.

Sai kuma littafin da kowace runduna ke rubuta tafiye-tafiyenta da faɗace-faɗacenta rana-rana, journal des marches et opérations, wanda ke ma'adanar tarihin soja a Vincennes, kusa da Paris. Abin takaici, sau da yawa akan ambaci sunan hafsa Bature da aka raunata, sojojinmu kuwa a ce “tirailleurs uku”. Duk da haka littafin na da amfani, domin idan ya nuna kamfanin Baba ya yi faɗa a ranar da rajistar asibiti ta nuna an kwantar da shi, an haɗa zaren. Wanda Jamusawa suka kama a 1940, takardun fursunonin yaƙi suna reshen ma'adanar da ke Caen.

Shaidar abokin yaƙi da ke raye tana ƙara ƙarfi, idan ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya sa lambarsa ta soja, aka kuma tabbatar da sa hannunsa. Amma ita kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Haka ma takardar likita ta yau. A kai dattijon babban asibitin Damagaram a ɗauki hoton wurin, domin ɓarɓashin ƙarfe yakan zauna a jiki har ƙarshen rayuwa kuma yana fitowa a hoto. A roƙi likita ya bayyana abin da ya gani, girman tabo da mazauninsa da abin da ya hana gaɓar yi, ya bar labarin yaƙin da bai halarta ba.

Mataki na shida: rubuta buƙatar gyara

Shafi ɗaya ya isa. A sama, suna kamar yadda yake a soja, lamba, shekarar ɗiba da wurinta, da runduna. Sai jimla ɗaya mai faɗin abin da ake nema: a amince da raunin da aka samu rana kaza a wuri kaza a matsayin raunin yaƙi, a shigar da shi cikin tarihin aiki. Sai labarin a taƙaice, kowace magana da lambar takardar da ke tabbatar da ita, sannan jerin takardun da aka haɗa. Ba wurin kukan talauci ba ne ko tuhumar mulkin mallaka, duk da cewa akwai abin faɗa. Mai karanta wasiƙar rana da wuri da sanadi yake nema. A aika Pau, inda dosiyen yake. Idan wani ofishi ne ke da ikon yanke hukunci, dokar Faransa ta wajabta wa ofishin da ya karɓa ya miƙa masa ya kuma sanar da mai nema. Buƙatar kati da ta fansho kowace da ambulanta da ofishinta.

A yi hattara da dillalan da ke yawo suna cewa suna da hanya a Faransa, suna neman kaso daga abin da za a biya, ko suna karɓar takardun asali. Babu ofishi ɗaya a cikin waɗanda aka ambata da ke karɓar kaso.

Fansho: kada a jira dosiye ya cika

Ko da yake na jera matakan bi da bi, buƙatar fanshon naƙasa ba ta jiran sauran. Doka ba ta sa wa'adin nema ba, amma biyan yana farawa ne daga ranar da aka shigar da buƙata, ba daga ranar rauni ba, don haka kowane wata da aka yi ana jiran amsar Limoges asara ce. A shigar da ita La Rochelle da abin da ke hannu, a ce sauran takardu na tafe. Rauni sai naƙasarsa ta kai kashi 10 cikin 100 ake biya. Cutar da aka ɗauka ba a lokacin yaƙi ba kuwa sai ta kai kashi 30. Idan an ga raunin an rubuta shi kafin a sallami sojan zuwa gida, ana ɗauka aikin ne ya jawo shi, sai dai a nuna cewa naƙasar yau daga wannan raunin ta taso. Idan ba a rubuta ba, nauyin hujja na kan mai nema. Za a buƙaci awon likitan da hukumar ta amince da shi, saboda haka a faɗi tun a wasiƙar farko shekarun dattijon da ko yana iya tafiya. Wanda yake karɓa tun da, kuma ciwon ya ƙaru, yana iya neman a sake awo, amma sai ƙarin ya kai maki 10 ake canza fanshon. Bayan an fara biya, takardar shaidar yana raye da ake nema lokaci-lokaci kada ta makara, domin makararta na tsayar da kuɗi.

Idan an ƙi

A rubuta ranar da wasiƙar ƙin ta iso hannu, a adana ambulan, domin daga ranar wa'adi ke fara gudu. Idan amincewa da raunin aka ƙi, ana iya roƙon ofishin ya sake dubawa, ko a kai ƙara kotun harkokin mulki cikin wata biyu, da ƙarin wata biyu ga mazauna ƙasar waje. Idan fansho ne, tun 1 ga Nuwamban 2019 dole a fara bi ta hukumar ɗaukaka ƙarar naƙasa, Commission de recours de l'invalidité, cikin wata shida, kafin a je kotu. A shari'ar fanshon naƙasa doka ta ba da lauya kyauta ba tare da duba dukiya ko ƙasa ko mazauni ba, kuma iyalai kaɗan ne suka san da haka. A karanta dalilin ƙin da kyau: idan suna ne, a koma mataki na biyu, idan rashin takardar lokacin ne, maimaita wasiƙa ɗaya ba ya canza komai, sai an samo sabuwar hujja.

Idan dattijon ya riga ya rasu

Katin mayaƙi mai shi ke nema yana raye, kuma alawus ɗinsa ba ya gaduwa. Matar da aka bari tana iya samun fansho idan raunin ne ya yi sanadin rasuwar, ko kuma mijin ya rasu yana da haƙƙin fanshon naƙasa na kashi 60 ko sama. Abin da ya fi ba da wahala shi ne tabbatar da auren, tun da yawanci a zaure aka ɗaura shi ba takarda. A duba tarihin aikin da littafin fansho, domin wani lokaci sojan ya rubuta sunan matarsa a can, kuma wannan ya fi takardar kotu da aka yanka bayan rasuwa. Idan mata sun fi ɗaya, a ambace su duka tun farko, a haɗa da takardar zaman iyali ta kotu.

Sojojin Nijar

Wasu dattawan suna da dosiye biyu, domin lokacin da aka kafa rundunar sojan Nijar a ranar 1 ga Agustan 1961 an dawo da su daga sojan Faransa, kamar yadda aka yi da Seyni Kountché bayan ya yi Indoshin da Aljeriya. Ranar rauni ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa: abin da ya faru kafin dawowar na Faransa ne, na bayanta na Nijar. Ga matasan da aka raunata a Bosso ko Karamga ko Inates, takardun na hannun rundunarsu da sashen lafiya na soja da hedikwatar tsaro a Yamai, fansho kuma yana bi ta CARENI, asusun fanshon ritaya na Nijar. Wanda aka raunata a aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar na Mali ko Kodebuwa, gwamnatin Nijar ce ke shigar da buƙatar diyyarsa a madadinsa, don haka a bincika ko rundunar ta aika da rahoton. Waɗannan matasa suna da damar da kakanninsu ba su samu ba, tun da kwamandansu da likitansu da abokan faɗansu suna raye. Kafin a bar asibiti ko a karɓi takardar sallama, a nemi kwafin rahoton kwamanda da takardar likita ta ranar farko, a tabbatar suna da lamba da rana daidai suke a kan kowace, kuma an rubuta a fili cewa a cikin faɗa aka samu raunin.